Igiyar Dahi ta Ƙarshe

Rigimar da Dahi ya fi shan kaye a cikinta ita ce wadda ya yi da Shaihu Abdurradi a ƙofar masallaci, ranar da ya saki matarsa saki na biyu a kan kofin shayi. Mai duba mitar wuta ne ya biyo ta gidansa, Dahi ya tare shi ya ce sai ya sha. Mutumin ya ce azumi yake yi. Dahi ya bugi ƙirji ya ce, "Na rantse da igiyar aurena sai ka sha!" Bawan Allah ya hau babur ya ƙara gaba, da azuminsa da igiyar.

"Ya Maulana, ba ni na faɗa ba," in ji Dahi. "Bakina ne ya riga ni."

"To ka aiki bakin naka biko."

"Amma duk yankin nan namu na Sa'id haka maza ke rantsuwa!"

"Maza na rantsuwa a kan wanda suka san zai zauna. Kai kaɗai ke rantsuwa a kan mai babur. Wancan karon likitan dabbobi, yau mai mita. Saura ɗaya, Abu Sabri. In ta tsinke, ko wurin malaman Alƙahira ka je ba mai ƙulla maka."

Haka Dahi ya yi ta sintiri gidan ƙanen matar, Fangari direba, har matar tasa Rasmiyya ta gaji da ganin gashin bakinsa a tsakar gida ta biyo shi.

Dahi mai gadin birba ne, tsohon haikalin nan na Fir'aunoni da ke bayan garinmu a tsakiyar gonakin rake. Ubansa ya gade ta, shi ma ya gada, da makulli da bindigar da ba wanda ya taɓa jin ƙararta. Birbar ba wata abar a zo a gani ba ce: ginshiƙai kaɗan, tantabaru da yawa, sai wani gunki mai kan rago da aka fasa wa hanci tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. Motocin Turawa duk babban haikalin Karnak suke nufa. Sai a yi wata ba wanda ya leƙo, Dahi na zaune yana ba gunkin labarin tsadar taki. Mutumin da ya wuni da dutse, in ya ga ɗan Adam ai kamawa zai yi. Ba rowa ce cutarsa ba, kishiyarta ce, kuma ta fi rowa kashe gida.

Ranar da nake ba ku labari, Fangari ya kawo Turawa biyu daga birnin Luksor, mata da miji. Irin waɗannan ne da ke biyan mota don a kai su inda ba Turawa, in sun koma gida su gaya wa kowa. Matar na riƙe da littafi, mijin ya yi jawur kamar gasasshen tattabara. Ƙananan birbobi suke bi a wuni guda, kuma akwai wata a ƙetaren kogi da suke so su riska kafin a rufe.

Dahi ya zagaya da su, ya nuna musu ragon, ya haska musu bango da madubin askinsa. Matar ta ce wani abu da murmushi. Fangari ya fassara: wai ba ta taɓa ganin wuri mai shiru haka ba. Shi ke nan, kan Dahi ya kumbura.

"Na rantse da igiyar aurena, ba za su fita nan ba sai sun ci abincin gidana!"

Tantabaru ma sai da suka yi tsit. Dahi ya kai hannu baki, amma magana ta riga ta kama hanya. Ya ruga ya datse ƙofar ƙarfe da kwaɗo, ya cusa makullin cikin rawani.

"Ka haukace ne?" Fangari ya yi kansa. "Buɗe! Kulle Turawa? So kake a kwashe mu duka? Mutanen nan ko ruwanmu ba sa sha!"

"Ɗaya ta rage, ya Fangari."

"Matsalarka ce!"

"In ta tsinke, gidan wa yayarka za ta koma? Wannan karon ba biko."

Fangari ya tsaya. Ya tuna zaman da Rasmiyya ta yi a gidansa, yadda ta sake wa matarsa tsarin kicin, ta hana shi shan shisha a zaure, ta aurar masa da 'ya ba shawara. Nan take ya juya wurin Turawan da fara'a, ya ce musu sun yi sa'a: tsohuwar al'ada ce, ba a barin haikalin rago da yunwa, kuma ba kowane baƙo ake yi wa ba. Matar ta duba littafinta ba ta gani ba, sai murnarta ta ƙaru.

Saura abinci. Gidan Dahi na jingine da katangar birba, Rasmiyya kuwa tana kan soro tana jera ƙullin burodi a rana ya tashi. Ba abin da ya wuce kunnenta.

"Ummu Sabri!" Dahi ya ɗaga kai. "Yanka agwagwar nan!"

"Agwagwata ba ta yi rantsuwa ba."

"To miyar lalo, ko wake, ko me ya samu!"

"Ba na girki yau. Ina so in ga yadda hutu yake. An ce matan da aka sallama har ƙiba suke yi."

"Yaya, ki ji tsoron Allah!" in ji Fangari.

"Kai share mini ɗakin nan mai taga, na fi son sa."

Dahi ya yi magiya. Ya kira ta hasken idonsa, ya kira ta uwar gida da gona, ya tuno mata da awarwaron da ya saya mata shekarar da rake ya yi kyau. Ta ce na tagulla ne. Ya buɗe hannuwa sama yana kiran sunanta da jan murya, rawani ya karkace, Baturen kuwa sai ɗaukar hoto yake, a zatonsa addu'ar haikali ce. Rana ta take tsaka. Inuwar ginshiƙai ta tsere. Rasmiyya ta sauka daga soro, aka daina jin motsinta, Dahi ya zauna a gindin ragon. Tun suna da haƙora cif yake tare da matar nan, kuma bai san inda ake ajiye gishiri a gidansa ba.

Can sai ga kwando ya sauko ta kan katanga. Burodi mai zafi, albasa, da kaskon tsohon cuku, wanda ya shekara a tulu da barkono har yana motsi da kansa. Ko mu da aka haifa a kansa, da bismilla biyu muke tunkararsa. Rahama ce ko ramuwa, ita ta sani.

Baturiyar ta shinshina ta dubi mijinta. Fangari ya gutsuri burodi ya dangwala ya miƙa masa, idonsa kamar zai yi kuka. Baturen ya kai baki. Hawaye ya zubo masa, kunnuwansa suka ƙara ja, ya haɗiye. Matar ma ta lasa ta ce abin ya yi daɗi, da muryar wadda aka shaƙe. Dahi ya zaro makulli ya buɗe ƙofa har da sara musu. Birbar ƙetare dai ba su gan ta ba, an ce a hanya ma sai da aka yi ta tsayawa a bakin rake.

Da la'asar ya shiga gida yana taku ɗaiɗai. Rasmiyya na zaune tana ba agwagwar dusa.

"Zauna. Yau sai ka rantse mini ba za ka ƙara ba."

"Wallahi ba zan ƙara ba."

"Wallahinka ruwan kogi ne, kullum wucewa yake. Bara ma haka ka ce."

"Na rantse da kabarin ubana."

"Ubanka ya gaji da kai tun yana raye. Kawo mai nauyi, wadda kake tsoro."

Dahi ya gyara rawani, ya dube ta sama da ƙasa.

"Mai nauyin guda ɗaya ta rage mini a duniya, Ummu Sabri, kuma kin san baƙi na ajiye wa ita."