Gangar Hajiya Zulfiya a kan garwashi

Jiya da la'asar na leƙa gidan maƙwabciyata Hajiya Zulfiya a unguwarmu New Bell, nan Douala, sai na tarar da ita ta ɗora gangarta saman garwashi. Raina ya ɓaci, na fizge.

Hajiya Zulfiya mutuniyar Uzbekistan ce, marigayi Alhaji ya auro ta lokacin da yake karatu can. Gangar sunanta doira, faffaɗa kamar faifai, da zobba a cikinta. Tun da ta fita takaba dangin miji ke cewa kiɗa bai kamace ta ba.

Na ce, "Hajiya, saboda waɗancan masu baƙin cikin za ki ƙona ta? Wallahi yau sai na je musu!"

Ta yi dariya. "Mais non, a'a, 'yata. Damshin Douala ke sa fatar ta saki. Sai an ɗumama take magana. Tun aurenmu Alhaji ke yi mini, yau nake koyo."

Na zauna na riƙe mata. Da fatar ta ɗaure, ta buga a hankali, ta rera waƙar garinsu. Ban gane kalma ɗaya ba, amma gyalena ya jiƙe da hawaye.

Ku fa, wane ɗan aiki ake muku da ba ku lura da shi ba tukuna?