Miyar Ban-Sani-Ba

Makon jiya na tsaya gaban wani mai kayan lambu a kasuwar Yelwa, sai na hangi wani jan abu ɗaure ƙulli-ƙulli a gefen tirensa. Na ɗauki ɗaya, na kankare da farce, na kai hanci. Warin nan ne dai mai hawa kai, kamar ɗanyen kabeji da ya kwana a rufaffen kwano. Mai kayan ya ce radish ake ce masa da Turanci, baƙin ma'aikata ne ke saye. Na ce masa mu a gidanmu wani suna gare shi daban. Ban tsaya yi masa bayani ba, amma kai mai karatu zan gaya maka, don abin ya daɗe zaune a raina.

Shekarar da aka raba mu da jihar Sakkwato muka zama 'yan Kebbi ce, ko wadda ta biyo bayanta. Ba na son in rantse a kan abin da ban tabbatar ba. Ina aji biyar na firamare a ƙauyenmu, ta wajen Ngaski, bakin tafki. Kakata, mahaifiyar Baba, tana da ɗan lambu kusa da ruwa, fangali shida, kuma duk shekara albasa take sawa. Kan albasar na gida ne. Ganyen kuwa ta daka shi ta dunƙule ta shanya ya zama gabu, wanda da shi ake miya a gidanmu har damina ta faɗi.

Wata rana malamin gona ya zo a kan babur, ya raba iri a cikin 'yan takardu, ya wuce ƙauye na gaba. Kaka ta kira ni a gaban Inna da sauran matan gida.

"Maigidana ɗan boko, zo ka karanta muna. Mine ne cikin takardar ga?"

Na duba. Haruffan duk na san su, amma kalmar ban taɓa haɗuwa da ita ba. A ƙarƙashinta akwai hoton wani abu ja, dogo, mai tsinin gindi. Mata sun zuba mini ido. Na ce, "Karas ne."

Kaka ta taɓa ganin yadda ake rububin karas a Yelwa. Sai ta ba shi fangali huɗu, ta bar wa albasa biyu.

Kwana uku ya tsiro. Tun daga nan na fara shakka. A littafinmu na makaranta ganyen karas siriri ne kamar gezar masara, wannan kuwa mai faɗi ne, mai kaushi. Ni nake ɗebo ruwa da gwangwani ina ba shi kowace safiya. Kowace safiya ina cewa yau zan faɗa mata, kowace safiya ina ɗagawa zuwa gobe. Har addu'a na yi Allah Ya mayar da shi karas a ƙarƙashin ƙasa. Na san ba daidai ba ne, amma na yi.

Da wata ya cika, jajayen kawuna suka leƙo daga ƙasa. Kaka ta tuge ɗaya, ta ɗauraye, ta gatsa. Cikinsa fari fat. Idonta ya kawo ruwa, ta tofar.

"Wanga karas da faɗa yake," in ji ta.

Ta cika kwando ta shiga kwalekwale zuwa kasuwa. Da la'asar ta dawo da shi kamar yadda ta tafi, sai dai waɗanda aka gatsa aka yar. Na cikin ƙasa kuma suka fara yin rami a ciki kamar soso, dole aka tuge su duka. Tarin da aka yi a tsakar gida ya kai mini ƙugu. Inna ta ce a ba awaki. Awaki suka ci ganye suka bar saiwar. Kaka ta ce abin da aka ba ruwa wata guda ba ya tafiya juji.

Tana zaune tana yankawa na tsuguna kusa da ita. Na ce, "Kaka, ban iya karanta kalmar nan ba. Hoto na duba."

Ba ta tsayar da wuƙa ba. Ta ce, "Da ka ce ba ka sani ba, da fangali guda na ba shi in gani. Ka ci mini huɗu, lokacin dashen albasa ya wuce. Bana gabu ba ya kai mu ko'ina." Sannan ta turo mini ƙaramar wuƙa da ƙafa. "Yanka."

Muka yanka shi sirara kamar kuɓewa, muka baza a tabarmi a kan rumfa. Kwana biyar ya yanƙwane ya koma ruwan ƙasa. Warin kuwa ya game unguwa. Maƙwabciyarmu mai bandar kifi, wadda ita kanta hayaƙinta ba ya barin kowa ya huta, ta leƙo ta kan danga.

"Iya, wani abu ya mutu gidanku?"

"A'a, karatun jikana ne ke bushewa."

Maƙwabciyar ce ta ba da shawarar a yi masa gishiri kamar kifi, a zuba a tulu. Tulun farko ya yi yauƙi don gishirin bai isa ba, aka zubar. Na biyu ya tsaya. Ganyen da awaki suka rage, wani aka dafa aka yi kwaɗo da ƙuliƙuli, wani aka daka aka dunƙule kamar gabu. Gaskiya rabin dunƙulen ya yi fumfuna. Amma busasshen yankan saiwar, idan aka jiƙa shi aka sa a miya da daddawa da busasshen kifi, faɗan nan yakan tafi, ya bar ɗan zaƙi-zaƙi. Shi ya maye mana gurbin gabu har ruwa ya sauka.

Duk baƙon da ya ci tuwo a gidanmu ya tambayi me ke cikin miyar, sai Kaka ta nuna ni da baki. "Tambayi malam." Ni kuma dole in ce, "Ban sani ba." Sai ta ce, "To, sunansa ke nan." Na faɗi kalmar nan a gaban mutane har ta daina yi mini nauyi.

Kaka ta daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙanta. Lambun yanzu da inji ake ba shi ruwa, kuma yara sukan haska takardar iri da waya, ta gaya musu komai nan take. Ni ban wuce firamare ba, amma har yau tsofaffin unguwa suna kawo mini takardar magani. Nakan karanta sau uku. In da kalma ɗaya da ta shige mini duhu, sai in mayar musu in ce su koma asibiti su tambaya. Wasu suna cewa tsorona ya yi yawa. Wataƙila.

Ranar nan a kasuwar Yelwa na sayi ƙulli ɗaya, na yanka, na baza a faifai a kan katanga. 'Yar autata ta zo ta toshe hanci.

"Baba, mene ne wannan?"

Na ce, "Ban-sani-ba."

Ta ce, "To me ya sa ka saya?"