Ƙamshin Zanen Sitti a Khumra

Mai zagayawa da mu yana ɗaga murfin ƙatuwar tukunyar, 'yata Ruƙayya ta tsaya cak.

Wani ɗan kamfani ne a unguwar Khumra da ke haɗa lemon sha'ir irin na Beljiyam, amma wanda ba ya bugarwa. Mijina ne ya kai mu, wai mu ga yadda ake dafawa, mu ci abinci a wajen.

Ruƙayya ta ja min abaya. "Ummi, wallah ƙamshin zanen Sitti ne wannan." Haka take kiran mahaifiyata.

Na ce, "Yalla mu je. Kina 'yar mitsitsiya lokacin, me kika sani?"

Ta ce, "Na sani mana. A kansa nake barci."

Gaskiyarta. Inna sobiya, wani abin sha na sha'ir, take sayarwa da azumi a unguwar Sharafiyya. In ta jiƙa sha'ir, da zanenta take lulluɓe robar don ya yi ɗumi ya tashi, in ta tace kuma ta shimfiɗa wa jikarta shi. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama a nan ƙasa mai tsarki. A bakin sana'arta aka kama ta, zanen yana kafaɗarta, aka mayar da ita Kano. Can ta rasu, ban samu zuwa ba.

Aka kawo mana soyayyen kifi da dankali da manyan kofuna masu kumfa. Mijina yana ta santi. Ruƙayya ko kurɓa ba ta yi ba, hancinta kawai ta kafa a bakin kofin har kumfar ta kwanta.

Ku fa, wane ƙamshi ne yake dawo muku da wanda ba zai dawo ba?