Garwashin Anti Kouloussoum

Zanin da na gani an cusa a ƙarƙashin ƙofar ɗakin baya shi ya fara faɗar min da gaba. Ranar Talata ce, wajen ƙarfe uku na rana, kwana biyu bayan ƙanƙara ta karya rassa a kan wayoyin lantarkin Greensboro da McLeansville ta ɗauke wuta. Na shigo gidan Anti Kouloussoum da kular farfesu, na tarar da yayata Suwaiba a falo kusa da murhu, jaririyarta 'yar kwana goma sha ɗaya a cinya, ita kuma tana dafe da goshi.

Na ce, "Ina Anti?"

"Tana ciki, wai tana ɗumama min gado. Tun bayan azahar ta shiga. Hafiza, kaina kamar zai tsage."

Na dubi murhun. An kwashe rabin garwashinsa, ga cebur ɗin toka yashe a ƙasa. Na ɗaga kai na dubi na'urar ƙararrawar hayaƙi da gubar iska da ke manne a bango. Murfinta a buɗe yake, yadda na bar shi wata biyu da suka wuce.

Anti Kouloussoum 'yar Damagaram ce. Ta zo Greensboro da mijinta Seydou, direban babbar mota, tun kafin ni da Suwaiba mu san inda Amurka take. Shekara goma sha shida tana liƙe kwalaye a wani sito da ke kan titin Wendover. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma da wuya ka samu yaron Hausawa a garin nan da bai bi ta hannunta ba. Iyayenmu mata suna Kano da Jos da Maraɗi, biza ta gagara, sai ita ta zama uwar kowace mai jego. Ta yi wanka da ruwan zafi da busasshen ganyen darbejiya da matafiya ke kawo mata, ta dama kunun kanwa, ta gasa cibi. Ba ta tambayar masallaci kike zuwa ko coci. Ko kin miƙa mata wani abu sai ta ture, ta ce da ɗan Faransancinta, "Bon, ki ba jinjiri nono, shi ne ladana."

Ƙorafinta ɗaya ne tsawon shekarun nan, wutar gidajen haya. Takan ce zafin hita ba ya shiga ƙashi, bargon lantarki kuma yaudara ce. A gida, in ji ta, mai jego kan gadon ƙasa take kwanciya, garwashi a ƙarƙashi, har bayanta ya koma daidai. Da Seydou ya rasu ta tattara ta koma wani ɗan tsohon gida a McLeansville, a bayan garin Greensboro, ba don komai ba sai don murhun ƙarfen da ke falonsa, mai ƙofar gilashi da bututu har saman rufi. Ta koyi cewa itacen nan sai ya shekara a jere kafin ya ci da kyau. Da kanta take faskare, tana da shekara sittin da uku. Tukunyar ruwa ba ta sauka daga kan murhun. Da sanyi ya kama ta liƙe tagogi da leda kamar yadda maƙwabta suke yi. Ban taɓa ganin ta da farin ciki irin na lokacin ba.

A watan Nuwamba na kai mata ziyara, na tarar ta sa turaren wuta, na'urar bangon nan tana ta ihu.

Ta ce, "Ke 'yar boko, zo ki rufe bakin matsiyacin nan."

"Anti, ba a cire shi fa."

"Shekara huɗu a jami'a, har da hular nan mai fuska huɗu, amma roba ta fi ƙarfinki? Seydou da ko aji ɗaya bai yi ba da tuni ya gama da ita."

Na yi dariya, na taka kujera, na zare batirin na jefa a aljihun rigar sanyi, na ce zan mayar kafin in tafi. Muka ci dambu, muka yi hira, na tafi. Digirina a fannin kiwon lafiyar jama'a ne. A shekara ta biyu an yi mana darasi guda a kan iskar da garwashi ke fitarwa, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Na ci jarrabawar da maki mai kyau.

Ranar Talatar nan na ture ƙofar ɗakin bayan da kafaɗa. Ɗakin da ɗumi, babu hayaƙi ko kaɗan. Anti tana kwance a ƙasa gefen gado, mafici a hannunta, kasko cike da jan garwashi a ƙarƙashin gadon. Abin da ta sani tun tana yarinya shi ne hayaƙi ke kisa, in garwashi ya yi ja ya daina hayaƙi to lafiya lau. A ɗakin uwarta gaskiya ne, domin iska na shiga ta ko'ina. Wannan ɗaki kuwa ita da kanta ta toshe shi, don kada mai jego ta ji sanyi.

Na ja ta zuwa waje kan ƙanƙara, na yi wa Suwaiba ihu ta fito da yarinya, na kira motar asibiti. Suwaiba da jaririyar kwana ɗaya suka yi aka sallame su. Anti ba ta buɗe ido ba.

Wani jami'in kashe gobara ya nuna na'urar ya tambayi wa ya cire batirin. Suwaiba ta ce ai Anti ce, ta tsani ƙararsa. Ina tsaye, hannuna a aljihu, batirin a tafina.

Kafin magariba zauren WhatsApp na matan Greensboro ya cika. Wata ta ce jahilci ne, wata ta ce dama ita tun farko hankalinta bai kwanta da tsohuwar ba. Wadda ta rubuta haka, Anti ta yi mata wankan 'ya'ya uku, ta wanke mata zannuwan jini da hannunta. Ma'aruf, mijin Suwaiba, wanda ya tuƙa matarsa da kansa zuwa McLeansville saboda can ne kaɗai ke da ɗumi da aka ɗauke wuta, ya ce ko ta tashi ba za ta sake taɓa masa 'ya ba. Ranar farko mutum tara suka zo asibiti. Jiya biyu. Yau ni kaɗai ce, har ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni ko ni 'yarta ce. Na ce e.

Da safen nan na rubuta a zauren cewa ni na cire batirin, ni da na san abin da yake tsarewa. An karanta, ina ganin sunayensu. Babu wadda ta amsa, har Suwaiba.

Yau kwana huɗu ke nan. Ɗazu an kai ta ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa don likitoci su ga iyakar ɓarnar da iskar ta yi, da ko akwai ran da za ta farka. Likita ya ce zai zo da sakamakon bayan la'asar. La'asar ta wuce, ina zaune a bakin ɗakinta, bai zo ba tukuna.