Tiren Gwadabe Kuku

Gwadabe Kuku ba ya cin tsire. Cewa yake nama ne da aka kashe da wuƙa, aka sake kashe shi da wuta, sannan aka binne gawar cikin ƙuli. Yakan faɗi haka a gaban masu tsiren Kibiya ba tare da ya rage murya ba, su kuwa sun daina kula shi tuntuni.

A Durba aka haife shi, gidan manoma gyaɗa. Yana saurayi ya bi motar shanu zuwa Legas, ya yi dako, ya yi gadi, har ya samu wankin kwanuka a gidan wani injiniya ɗan Italiya. Matar gidan ta lura yana da tsabta da haƙurin hannu, ta jawo shi gaban murhu. Shekara ashirin da wani abu ya yi musu girki, Legas da Abuja. Da suka koma ƙasarsu, ya dawo gida da wuƙaƙe a naɗe cikin fata, da farar rigar girki, da rainin duk abin da ake sa wa a baki daga Kibiya har Rano. A ganinsa mutanen nan ba su san cin abinci ba, cika ciki kawai suka iya. Su kuma a gabansa su ce Kuku, a bayansa su ce boyi.

Ya gwada noma damina biyu, fartanya ta fasa masa tafin hannu, gyaɗar ma ba ta yi ba. Sai labari ya zo cewa Alhaji Munzali, babban dillalin shanu na Rano, zai aurar da ɗansa bayan babbar Sallah, dangin amarya mutanen Abuja ne, ana neman wanda ya san cimar 'yan birni. Gwadabe ya gane idan aikin nan ya wuce shi, shi da murhu sun rabu ke nan, sai gona har tsufa.

Yayarsa Salamatu za ta yi walimar saukar 'yarta Mufida ranar wata Alhamis, kuma Alhaji yana cikin waɗanda aka gayyata. Gwadabe ya roƙi a ba shi gefe guda a madafi. Ya je Kano ya dawo da dogon burodi mai tauri, da kwalbar man zaitun, da cukun Turawa a cikin kula da ƙanƙara, irin mai jijiyoyi shuɗi-shuɗi.

Salamatu ta buɗe kular, ta rufe da sauri.

"Gwadabe, an cuce ka. Wannan ya yi fumfuna."

"Fumfunar ake saya, Yaya."

"To da ka faɗa mini, akwai ta a bayan randa kyauta. Man zaitun ɗin fa, wa ke da aljanu?"

Gwadabe ya ɗauki wuƙarsa. Ina amfanin yi wa wadda ke tafasa nama har ya fita hayyacinsa bayani? Ya yanka burodin a karkace, siriri, ya shafa masa mai, ya gasa a kasko bisa gawayi har ya yi ja yana ƙara idan an ƙwanƙwasa, ya goga masa tafarnuwa. Tsokar gadon bayan bijimi ya samo wurin mahauci da sassafe. Ya barbaɗa gishiri da masoro, ya ɗora a wuta mai ƙarfi, gefe da gefe, ya sauke cikinta da sauran ja, ya bar ta ta huta kafin ya yanyanka. Kowane yankin burodi ya samu yankan nama, da ɗan marmashin cuku a kai. Matan da ke juya shinkafa suna leƙe suna toshe hanci da mayafi. Ya jera a babban tiren azurfar da matar injiniya ta bar masa.

Abin yana da ƙa'ida. Kafin abinci ake zagawa da shi, kowa ya ɗauki ɗaya da yatsu biyu, ya ci nan take tun burodin bai sha ruwan nama ba. Ana shafa addu'a Gwadabe ya fito rumfa cikin farar rigarsa, ya nufi babban baƙo, ya ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe, bismilla."

Alhaji Munzali ya dubi tiren, ya dubi jama'a, ya yi murmushi.

"Malam Gwadabe, duk wannan hidima? Allah ya saka. Ajiye nan."

Ɗaya ake ɗauka. Maganar ta zo har bakin Gwadabe ta tsaya. Duk shekarun Legas ba su koya wa harshensa yadda ake ce wa baƙo, a gaban mutane, ɗauki ɗaya ka bar wa wasu ba. Abin da aka kawo gaban babba nasa ne, haka ya taso ya gani, haka kowa a rumfar ya ɗauka. Har wani dattijo ya gyaɗa kai ya ce ashe Kuku ya san girma.

"Sai dai ina azumin Alhamis," in ji Alhaji. "Habu, zo ka rufe wannan ka sa a but ɗin mota, a kai wa iyali."

Habu direba ya lulluɓe tiren da leda, ya ɗaure tam. Motar tana cikin rana, kuma Alhaji bai tashi ba sai bayan La'asar. Gwadabe ya tsaya hannu a baya yana kallon mutane suna dambe da shinkafa da hannu biyar, mai yana bin gwiwar hannunsu.

Washegari da hantsi Habu ya dawo da tiren, an wanke shi fes, kuma ba a dawo da shi haka nan ba. Akwai sabon burodi mai laushi, da ƙwaryar kindirmo daga rugar masu yi wa Alhaji kiwo.

"Hajiya tana gaisuwa," in ji Habu, idonsa a ƙasa. "Ta ce an gode ƙwarai. Naman bai ƙarasa gasuwa ba, sun wanke abin da ya lalace a kai sun sake soyawa, yara sun ci. Ta ce kuma in abu ya yi tsanani har ta kai ga busasshen burodi, ka riƙa magana, ai an zama ɗaya."

Salamatu da ke shara ta juya baya, kafaɗunta suna rawa don dariya.

"Maganar biki fa?" Gwadabe ya tambaya.

"Girkin an ba matan da suka saba. Amma Alhaji ya ce ya ji kana da wuƙaƙe masu kyau, ka zo ka taya su yankan albasa."

Gwadabe ya ce a gaishe da Alhaji. Da Habu ya tafi, ya yanka burodin Hajiya, ya gasa shi har ya bushe, ya ci shi kaɗai da sauran cukun.

Bikin kuwa ya je. Ya sa farar rigarsa, ya zauna nesa da matan a kan turmi, ya yanka buhun albasa siriri har ana hango kaifin wuƙa ta cikinta. Wata mai girki ta kwashe ta zuba a mai, ta bar ta ta ƙone. Gwadabe ya kalle ta, ya goge wuƙarsa, ya jawo wani buhun.