Gidan Tabarau Mai Raba Ƙwayar Magani

Aikina na farko bayan na gama makarantar koyon aikin lafiya, wajen ƙarshen shekarun 1980, a wani ƙaramin ɗakin shan magani ne a ƙauyukan Ruwan Bago. Ɗaki ɗaya ne da kabad, sai tebur da benci biyu a ƙarƙashin darbejiya. Ina da shekara ashirin da uku, amma duk ƙauyen Likita suke ce mini, har tsofaffin da suka girmi mahaifina. Na yi ta faɗa musu cewa ni ba likita ba ne, da na gaji na bari.

A cikin masu zuwa wurina akwai wata tsohuwa Bafulatana mai sayar da nono, rugarsu tana bayan gari. Inna nake ce mata. Tana jin Hausa sarai, amma in ranta ya ɓaci sai ta koma Fulatanci, ta bar ni a tsaye. An gano tana da hawan jini a asibitin Karaye, aka rubuta mata rabin ƙwaya kowace safiya, ni kuma nake ba ta maganin wata-wata. Ranar farko na zuba mata a takarda, na ce, "Inna, rabi za ki dinga sha, rabi kawai." Ta ce to. Ban tambaye ta yadda za ta raba ba.

Bayan kamar kwana goma, da hantsi, 'ya'yanta biyu suka kawo ta a kan keke, ɗaya yana turawa, ɗaya yana riƙe da ita. Jiri ne ya ɗebe ta a hanya, ta faɗi da ƙwaryar nono a ka. Na gwada jininta na ga ya yi ƙasa sosai. Da ta farfaɗo na ce, "Inna, yaya kike shan maganin nan?"

Ta buɗe baki ta nuna mini. Haƙora huɗu suka rage mata.

Ta ce, "Da me zan gatsa, Likita? Na sa wuƙa, ƙwayar ta yi tsalle, kaza ta riga ni. Na sa dutse, ta zama gari. Sai na ce bari in haɗiye ta guda, ai duk cikin nan za ta."

'Ya'yanta suka yi dariya, ita ma ta yi. Ni kuwa kunya ce ta rufe ni, don na san sakacina ne. A ranar na zauna da reza ina raba mata sauran ɗaya bayan ɗaya. Ƙwayoyin ƙanana ne, ga santsi. Wasu suka rabu ba daidai ba, wasu suka marmashe, a ta ƙarshe na yanke babban yatsana.

Ranar kasuwar Rogo na hau kekena na tafi da abin awon jininmu, robar da ake matsawa ta fara sace iska. A kasuwar akwai wani dattijo mai gyaran agogo da rediyo, kowa Baba yake ce masa. Rumfarsa ƙarama ce, cike da gwangwanaye, kowanne da abin da ke ciki, wannan ƙananan kusoshi, wancan fuskokin agogo, wani kuma guntayen waya. Bai taɓa shiga makarantar boko ba, da ajami yake rubuta sunan mai kaya ya manna. Amma in ya kara rediyo a kunne ya murɗa, kafin ya kwance ta zai faɗa maka inda ciwon yake. Bayan mun gaisa, ya tambayi gajiya da aiki da mutanen ƙauye ɗaya bayan ɗaya, sai ya liƙe robar da guntun tubun keke. Yana miƙo mini ya ga filasta a yatsana.

Ya ce, "Mai magani kuma da rauni?"

Na ba shi labarin Inna. Bai yi dariya ba ko a wajen kazar. Ya ce in akwai ƙwayar a jakata in ba shi ya gani. Ya ɗora ta a tafin hannu, ya maƙala gilashin gyaran agogo a ido, ya juya ta sama da ƙasa.

Ya ce, "Rezarka ba ta da laifi. Ba abin da ya riƙe ƙwayar, shi ya sa take gudu. Bar mini guda uku, ka dawo kasuwa mai zuwa."

Da na dawo sai ya ciro wani tsohon gidan tabarau na ƙarfe, irin mai murfin da ke rufewa da ƙarfi. A cikin murfin ya kafa rabin reza a tsaye, ya ɗaure ta da kusoshin agogo. A ƙasa ya sa guntun katako ya fafe rami daidai ƙwayar. Muka gwada. Murfin ya faɗo da ƙarfinsa, ƙwayar ta tarwatse, gari har gemun Baba. Ya kakkaɓe, ya ce murfin ya cika zafin rai. Sati na biyu ya sassauta ƙarfen da ke jan murfin, ya shimfiɗa siririyar roba a cikin ramin. Ya sa ƙwaya ya danna a hankali, muka ji ƙas. Ya buɗe, ga ta biyu daidai, ba ɓurɓushi. Mai shayi na maƙwabtaka ya leƙo ya gani, ya yi kabbara.

Na kai wa Inna har ruga. Na nuna mata sau biyu, ta yi da kanta sau ɗaya, sai ta ƙi tsayawa, tana neman ta raba na wata guda a zama ɗaya don ta ji ƙarar. Da ƙyar na hana ta. Ta naɗe abin a tsumma ta ajiye cikin jeren ƙorenta. Daga baya na ji tsofaffin rugage biyu suna zuwa wurinta da maganinsu, ita ce mai rabawa, ba ta yarda kowa ya taɓa. Jininta ya daidaita, ta koma tallan nononta. Baba kuwa ya shiga neman tsofaffin gidajen tabarau wurin 'yan gwanjo. Ya yi mini ɗaya na ɗakin magani, ya yi wa wani malamin tsangaya a Kwanyawa da ke shan maganin sukari, da wasu da ban sani ba.

Shekaru kaɗan bayan haka, a farkon shekarun 1990, aka tura ni kwas na sati biyu a Kano. A wani babban kantin magani na ga sababbin kaya a cikin gilashi: abin awon jini mai batir da ke nuna lamba da kansa, da ma'aunin zafin jiki mai ƙara in ya gama. A gefensu ga wani ɗan akwatin roba shuɗi. Na ce a nuna mini. Ina buɗewa na ga reza a murfi, da wurin ajiye ƙwaya a ƙasa. Na daɗe a tsaye ina kallonsa, sannan na sayi ɗaya.

Ban ko biya ta ƙauye ba, Rogo na sauka. Baba ya karɓa, ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya ga a na kantin ba rami ba ne, wani kwari ne mai faɗi a baki yana tsukewa ciki, kowace irin ƙwaya, babba ko ƙarama, sai ta gangara ta tsaya da kanta.

Ya ce, "Kai! Nan ya fi ni. Ni kowace ƙwaya sai na fafe mata raminta." Sai ya shafa wasu lambobi a bayan akwatin. "Wannan fa?"

Na gaya masa abin da mai kantin ya bayyana mini, cewa a ƙasashen waje, inda ake ƙera irin akwatin, in mutum ya ƙirƙiro abu, yakan kai zanensa ofishin hukuma, a ba shi takarda da lamba, ba mai ƙera irinsa ya sayar sai da izininsa, har zuwa wasu shekaru.

Baba ya ce, "To ba za su kama ni ba?"

Na ce, "Haba Baba, ai ba ka taɓa ganin nasu ba sai yau."

Ya yi dariya har da tari. Na ɗauka zai ji haushi, an rubuta sunan wani a kan abin da shi ma ya gano da kansa. Ni kaina haushin nake ji a mota tun daga Kano. Amma shi wani abu ne ya ɗauke masa hankali.

Ya ce, "Ashe can ma suna da tsofaffi marasa haƙora. Wannan mutumin, ko wane ne, ya zauna ya yi irin tunanin da na yi. Likita, ba za ka rubuta masa takarda ba? Ka ce wani mai gyaran agogo a Rogo yana gaishe shi, yana kuma neman izini ya yi irin kwarin nan."

Muka duba akwatin ciki da waje, muka duba kwalinsa. Babu suna, babu adireshi, sai lambar da sunan ƙasa. Ya ce tunda ba a samu mai shi an tambaye shi ba, zai ci gaba da fafe raminsa. Haka kuwa ya yi. Akwatin shuɗin ya ajiye a kan teburinsa, yana nuna wa duk wanda ya zo, yana yabon mai shi kamar wani abokinsa da ke nesa.

Ba a daɗe ba aka mayar da ni asibitin Karaye. Na je yi masa sallama na tarar idonsa ya fara rauni, ya daina karɓar agogon hannu, sai rediyo da tocila. Ya rufe rumfa da rana tsaka, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya karɓi jakata da ƙarfi ya raka ni tasha. Muka zauna a benci muna jiran mota ta cika, yana yi mini nasiha a kan aure da riƙon iyaye. Da mota za ta tashi ya riƙe hannuna ta taga ya yi mini addu'a mai tsawo, har direba ya fara matsa ham. Karaye da Rogo ba nisa, na yi ta cewa zan leƙo wata kasuwar, amma ban samu zuwa ba. Bayan damina biyu wani direba ya gaya mini ya rasu, har an yi sadakar bakwai. Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata makwancinsa.