Lomar Riskuwa a Majigi

Duk Zauro an san Riskuwa da abu biyu: noman shinkafa da kunyar surukai. Tun da ya auri Fiddausi, ubanta Malam Hammadu, tsohon masunci a Argungu, bai taɓa ganin ko ruwa ya wuce maƙogwaron Riskuwa ba. In tsohon ya kawo ziyara, sai gogan naka ya wuni da yunwa, wai shi a ƙoshe yake. Har gori yake wa samari: "Ku 'yan zamani, kuna cin tuwo gaban suruki kamar awaki!"

Bayan girbin bana ya kafe sai an yi majigi a garin. Ya samo Cornelius, mutumin Filato mai ɗaukar bidiyon biki a Gesse, ya sa shi ya bi manoma fadama da kyamara. Har Argungu ya tura shi, ya ɗauko hoton Malam Hammadu yana su cikin gulbi. Riskuwa ya aro bencuna, ya ɗauko hayar janareta, aka rataya farin yadi a bango. Duk wannan rawar kai, bai zauna ya kalli fim ɗin ba kafin ranar.

Bayan magariba fili ya cika maƙil. Riskuwa ya sa wa surukinsa kujera a gaba, don idon tsohon ya fara rauni, kuma ɗokin ganin kansa ne ya taso shi.

Aka kunna. Ga fadama, ga masu yanka, ga mata suna sheƙa. Kwatsam sai ga fuskar Riskuwa ta cika yadin, yana danna lomar tuwon shinkafa, miyar kuka tana bin gemu, yana suɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya. Cornelius, bawan Allah, har matso da hoton ya yi, a ganinsa ya karrama uban gayya.

Fili ya kece da dariya. Wani saurayi ya ɗaga murya: "Jama'a, wagga akuya ta wane gida ta?"

Wayyo kunya! Riskuwa ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Malam Hammadu bai yi dariya ba. Ya miƙe, ya juya kujerarsa, ya ba yadin baya, ya sunkuyar da kai. Nan take dariya ta mutu.

Can sai ga gulbi a yadin, ga tsohon tsamo-tsamo rungume da ƙaton kifi. Mutane suka hau ihu: "Ga Malam! Ga Malam!"

Cornelius ya rugo ya durƙusa. "Baba, juyo mana, kai ne!"

Tsohon ya girgiza kai. "Bari dai, ɗana. Ban sani ba ko ya ƙare cin abincinai."

Riskuwa yana ɓoye bayan janareta, ya ji da kunnensa. Da safe tsohon ya hau mota ya koma Argungu, bai ga kansa a majigin ba.